Reza, Zaren Tef da Sintesaiza: Yadda Ɗakunan Kiɗan Lantarki na Farko Suka Yi Aiki

Wanda ya shiga ɗakin kiɗan lantarki na gidan rediyon birnin Kolon da ke Jamus a shekarar 1953, da wuya ya yarda cewa wurin kiɗa ya shigo. Abin da zai tarar shi ne na'urorin gwaji irin waɗanda injiniyoyi ke auna lafiyar layin watsa shirye-shirye da su, da manyan rikodoji masu juya zaren tef, da reza, da abin awo, da mutum ɗaya ko biyu sun duƙufa a kan tebur suna lissafi. Akwai kayan kiɗa biyu na lantarki da aka tanada, Melochord da Monochord, amma ba a daɗe ba matasan da ke aiki a ɗakin suka tura su gefe. Na'urar da muke kira sintesaiza a yau, wadda ke haɗa sauti daga wutar lantarki da zarar an danna ta, ba ta cikin ɗakin. Wannan shi ne abin da ake yawan juyawa idan ana ba da tarihin: ana ɗauka na'urar ce ta fara zuwa sannan aka gina mata ɗakuna, alhali kuwa wahalar da aka sha a ɗakunan ce ta sa aka ƙera na'urar, kuma kusan kowane sashe na jikinta amsa ce ga wata matsala da wani ya yi fama da ita da hannunsa.

Kafin ɗakunan an yi kayan kiɗa na lantarki, amma kowanne shi kaɗai yake tafiya. Thaddeus Cahill ya gina Telharmonium a Amurka, wani jibgegen inji mai nauyin kimanin tan 200 wanda tun daga 1906 yake aika kiɗa ta wayar tarho zuwa otal-otal da gidajen cin abinci na New York, har kiɗan ya riƙa kutsawa cikin hirar masu waya, kasuwancin kuma ya durƙushe. A 1920 Lev Termen ya ƙera Theremin a Rasha, wadda ake kaɗawa ba tare da an taɓa ta ba, sai dai a motsa hannu kusa da sandunanta biyu. Faransa ta samu Ondes Martenot a 1928, Jamus kuma Trautonium jim kaɗan bayan haka. Duk waɗannan kayan kiɗa ne a tsohuwar ma'ana: makaɗi ya tsaya gaban jama'a ya kaɗa, sautin ya wuce. Abin da ya canza al'amarin shi ne rikoda mai tef, wadda kamfanin AEG ya baje kolinta a Berlin a 1935 da sunan Magnetophon, ta kuma bazu cikin duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da zuwan tef, sauti ya zama abu mai tsawo da ake iya aunawa, a yanka, a juya shi baibai, a liƙa shi da wani.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gane haka ɗan Afirka ne. A 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari rikoda mai naɗar sauti a kan siririyar wayar ƙarfe daga wani gidan rediyo, ya ɗauki waƙoƙin taron zar, wanda al'ada ce ta neman waraka daga iskoki mai kama da bori, sannan ya koma situdiyo ya sarrafa muryoyin da amsa-kuwwa, ya rage wasu sassan sautin ya ƙarfafa wasu, har suka daina kama da muryar mutane. Ya gabatar da aikin a Alƙahira a wannan shekarar, shekara huɗu kafin abin da littattafan Turai suka saba kira mafarin wannan fanni. Aikin nasa bai haifar da makaranta ko ɗaki na dindindin ba, kuma a nan bambancin yake: a Paris akwai hukumar da ta ɗauki nauyi.

Pierre Schaeffer injiniya ne a gidan rediyon gwamnatin Faransa. A 1948 ya je tashar jirgin ƙasa ta Batignolles ya ɗauki ƙarar jirage, ya dawo ya tsara ta ta zama kiɗa na 'yan mintoci, aka watsa shi tare da wasu gwaje-gwaje huɗu ranar 5 ga Oktoba na shekarar. A lokacin ko tef ba shi da shi, da faifan garmaho yake aiki. Dabararsa ta farko ita ce rufe layin faifai ya zama zobe, yadda allura za ta yi ta maimaita guntun sauti ɗaya ba iyaka, wanda shi ne kakan maimaicin da ya cika kiɗan zamani. Ta biyun ta fi zurfi: ya lura cewa idan aka cire farkon ƙarar ƙararrawa, wato daidai bugun, abin da ya rage sai ya koma kamar na abin busa. Ashe kunne ba da launin sauti kaɗai yake gane kayan kiɗa ba, har da yadda sautin ke tashi da yadda yake mutuwa. Ya kira hanyarsa musique concrète, domin tana farawa daga sautin da aka riga aka ɗauka a duniya maimakon daga rubutu a takarda. Pierre Henry ya zo ya haɗu da shi a 1949, a 1951 kuma gidan rediyon ya ba su situdiyo mai tef, inda injiniya Jacques Poullin ya ƙera musu phonogène, na'urar da ke sauya gudun tef gwargwadon madannin da aka taɓa. Schaeffer ɗin nan dai shi ne daga baya, a tsakiyar shekarun 1950, ya jagoranci SORAFOM, hukumar da ta horar da ma'aikatan rediyo na ƙasashen Afirka renon Faransa.

Mutanen Kolon sun ɗauki hanyar da ta yi hannun riga da wannan. An amince da kafa ɗakinsu ranar 18 ga Oktoban 1951, bisa shawarar Herbert Eimert da Robert Beyer da Werner Meyer-Eppler, masanin kimiyyar sauti da furuci a Jami'ar Bonn. A ganinsu, ɗauko ƙarar jirgi ko ta murfin tukunya wasa ne, domin sautin yana zuwa da tarihinsa da ma'anarsa, mai tsara kiɗa kuma ba shi da iko a kan abin da ke cikinsa. Suna son su gina sauti tun daga tushe. Ilmin da suka dogara da shi tsoho ne, tun daga lissafin Joseph Fourier na farkon ƙarni na 19: duk sautin da ke da tsayayyen amo tarin ƙananan girgiza ne masu sauƙi da suka hau kan juna. Algaita da sarewa za su iya busa amo ɗaya, amma ba mai kasa bambance su, saboda ƙananan girgizar da ke rakiyar babban amon sun fi yawa kuma sun fi ƙarfi a algaita. To idan haka ne, wanda ya mallaki na'urar da ke fitar da tsantsar girgiza guda ɗaya, wato osileta, zai iya tara su ɗaya bayan ɗaya ya gina kowane irin launin sauti, har wanda ba a taɓa ji ba.

A takarda abin yana da kyau. A aikace kuwa azaba ce. Karlheinz Stockhausen, wanda ya fara ɗanɗana aikin tef a Paris a 1952 kafin ya koma Kolon, ya yi Studie I a 1953 da tsantsar girgiza kaɗai. Sai ya saita osileta a kan adadin da ya lissafa, ya ɗauka a tef, ya sake saita ta a kan wani adadin, ya ɗauka, sannan ya haɗa su ta hanyar kwafa daga rikoda zuwa rikoda, kowace kwafa kuma tana ƙara shuu a bayan sautin. Tef ɗin yana gudun santimita 76.2 a daƙiƙa guda, saboda haka sautin da zai ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa guntu ne mai tsawon santimita bakwai da rabi da 'yan kai, wanda za a auna, a yanka, a liƙa. Idan ana son sautin ya shigo a hankali, sai a yanka tef ɗin a karkace, ko a ja madannin ƙara da hannu ana duban agogo. Kiɗan 'yan mintoci yana cin watanni, kuma mai aikin ba zai ji yadda jimlarsa take ba sai bayan ya gama liƙa ta. Duk wanda ya riƙe wannan hoto a ransa zai fahimci sauran labarin.

Gardamar Paris da Kolon ta yi zafi a rubuce-rubuce, amma ba ta daɗe ba a cikin kiɗan kansa. A Gesang der Jünglinge, wanda aka fara saurara a Kolon a watan Mayun 1956, Stockhausen ya ɗauki muryar wani yaro yana rera ayoyi daga littafin Daniyel na Baibul, ya yayyanka ta, ya cakuɗa ta da sautin osileta har mai sauraro ya kasa gane inda murya ta ƙare da inda inji ya fara, ya kuma rarraba sautin ta rukunan lasifika da suka kewaye zauren. Wato babban ɗan Kolon ya yi amfani da kayan Paris, kuma a ra'ayina a nan ne fannin ya fita daga gwaji ya zama kiɗan da mutum zai so ya sake ji.

Ya kamata a tambaya me ya sa duk wannan ya faru a gidajen rediyo. Amsar ba ta da wani asiri. Bayan yaƙi, gidajen rediyon Turai na gwamnati ne ko na jama'a, su ne ke da rikodoji masu tsada da injiniyoyi masu albashi, suna buƙatar baƙin sautuka domin wasannin kwaikwayo, kuma ba sa jiran ciniki kafin su biya ma'aikaci. Shi ya sa ɗakunan suka yi ta tsirowa a jere: gidan rediyon NHK na Tokyo a tsakiyar shekarun 1950, gidan rediyon RAI na Milan a 1955 ƙarƙashin Luciano Berio da Bruno Maderna, gidan rediyon Polan a Warsaw a 1957. Ɗakin Milan ya yi suna da osileta tara da injiniya Alfredo Lietti ya haɗa, wanda a lokacin dukiya ce, domin ana iya jin girgiza tara a tare ba sai an yi ta kwafa ba. A Holan kamfanin Philips ne ya buɗe ƙofa a Eindhoven, inda Edgard Varèse ya shirya kiɗan da aka watsa ta lasifikoki fiye da 300 a baje kolin duniya na Brussels a 1958.

Na Landan ya bambanta da sauran. BBC ta buɗe Radiophonic Workshop a Maida Vale a 1958, bisa naciyar Daphne Oram da Desmond Briscoe, amma ba ta ɗauke shi wurin tsara kiɗa mai zaman kansa ba, sashe ne na yi wa shirye-shirye hidima. Oram ta gaji da wannan ƙunci ta bar aiki a 1959, ta koma gina tata na'urar, Oramics, wadda ake zana sauti a kan fim ta karanta. Duk da haka, ta wannan ɗaki ne miliyoyin mutane suka fara jin kiɗan lantarki ba tare da sun san sunansa ba. A 1963 Delia Derbyshire, wadda ta karanci lissafi da kiɗa a Cambridge, ta haɗa kiɗan buɗe shirin talabijin na Doctor Who daga rubutun Ron Grainer, amo bayan amo, da osiletocin gwaji da sautin tsirkiya ɗaya da aka ɗauka aka yi ta sauya masa gudu. Dokar gidan ba ta yarda a ambaci sunan ma'aikatan ɗakin ba, saboda haka sunanta bai fito a jikin shirin ba sai a 2013, shekara goma sha biyu bayan rasuwarta.

Amurka ba ta da gidan rediyon gwamnati irin na Turai, don haka aikin ya faɗa hannun ɗaiɗaikun mutane da jami'o'i da kamfanoni. Louis da Bebe Barron suna da ɗan situdiyonsu a New York, inda suka taimaka wa mai tsara kiɗa John Cage da sautukan Williams Mix, kiɗan minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi wanda tsarin yankansa ya cika shafi 192. Vladimir Ussachevsky da Otto Luening na Jami'ar Columbia sun gabatar da kiɗan tef a bainar jama'a a New York a watan Oktoban 1952. Sai a 1959, da tallafin dala 175,000 daga Gidauniyar Rockefeller, aka kafa cibiyar haɗin gwiwa ta Columbia da Princeton, inda El-Dabh ma ya yi aiki bayan ya koma Amurka. A nan aka girke na'urar farko da ta shahara da sunan sintesaiza.

RCA Mark II, wadda Harry Olson da Herbert Belar suka ƙera a 1957, ta cika bango guda, nauyinta ya kai kimanin tan uku, tana aiki da kwalaben lantarki wajen 1,700. Kamfanin RCA da kasuwa a ransa ya gina ta, yana fatan injin da zai rage dogaro da makaɗa wajen fitar da waƙoƙin yayi, amma ta ƙare a hannun Milton Babbitt, mutumin da kiɗansa ya fi na kowa nisa da kasuwa. Ba a kaɗa ta. Ana huda wata faffaɗar takarda ce da madannai irin na tafireta, kowane jerin huda yana faɗa wa injin amon da zai fitar, da launinsa, da ƙarfinsa, da yadda zai tashi ya sauka, sai takardar ta bi ta ƙarƙashin wasu burusai na ƙarfe su karanta. Ribar a fili take: an rabu da reza a babban ɓangaren aikin, kuma ana iya gyara kuskure a sake saurara. Abin da ya ja hankalin Babbitt shi ne daidaiton lokaci, domin injin yana iya bin kiɗa mai sarƙaƙiyar da hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Sai dai guda ɗaya ce tak a duniya, tana yawan lalacewa, kuma mutane ƙalilan ne suka iya ta. A Masko ma Yevgeny Murzin ya kammala tasa na'urar, ANS, a ƙarshen shekarun 1950, wadda ake kankare zane a kan gilashin da aka shafe da baƙin danƙo, haske ya ratsa ya zama sauti. A Bell Labs kuwa, cibiyar binciken kamfanin tarho a Amurka, Max Mathews ya sa kwamfutar IBM 704 ta fitar da kiɗa na daƙiƙa 17 a 1957, hanyar da sai bayan shekaru da yawa ta yi rinjaye.

Mafitar da ta yi tasiri nan take ta zo ne daga tiransista, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin kwalaben lantarki, da wata dabara guda, wato sarrafa na'ura da ƙarfin lantarki. A tsohon ɗaki, idan ana son osileta ta ɗaga amo, sai mutum ya murɗa maɓalli da hannu. A sabon tsari, osiletar tana sauraron ƙarfin wutar da ke shigo mata ta wata kafa: ya ƙaru ta ɗaga amo, ya ragu ta sauke. Haka matatar da ke tace launin sauti, haka na'urar da ke ƙara ko rage ƙara. Tunda kuwa abin da kowace na'ura ke fitarwa shi ma ƙarfin lantarki ne, sai ya zamana ɗaya tana iya murɗa maɓallin ɗaya ta hanyar waya kawai. Osileta mai tafiyar hawainiya za ta sa wata ta riƙa rawar murya. Wani ɗan akwati zai fitar da ƙarfin da ke tashi, ya ɗan sauka, ya tsaya, ya mutu, wanda shi ne abin da Schaeffer ya gano a ƙararrawarsa kuma Stockhausen ya yi ta yanka a karkace domin samu. Ussachevsky ne ya bayyana wa Robert Moog irin matakai huɗun da yake so wannan akwati ya bi, kuma har yau su ne a jikin kusan kowace sintesaiza.

Mutum biyu ne suka kai ga wannan tsari kusan lokaci guda ba tare da sun san aikin juna ba. Moog, wanda ke sayar da Theremin da yake haɗawa a ƙauyen Trumansburg na jihar New York, ya haɗu da mai tsara kiɗa Herbert Deutsch a 1963, ya kuma nuna na'urorinsa na farko a taron injiniyoyin sauti a watan Oktoban 1964. Ya tsayar da ƙa'ida mai sauƙi, ƙarin bolt ɗaya na ƙarfin lantarki yana ninka girgizar amo sau biyu, ya kuma sa madannai irin na fiyano. A San Francisco, Morton Subotnick da Ramon Sender na cibiyar kiɗan tef da aka kafa a 1962 sun nemi Don Buchla ya gina musu abin da zai raba su da liƙe-liƙen tef, da dala 500 daga Rockefeller. Buchla ya ƙi madannan fiyano da gangan, domin a ganinsa duk wanda ya ga fiyano tsohon kiɗa zai kaɗa. Ya sa faranti masu jin taɓawar yatsa, da na'urar jera amo wadda ke bin matakai ɗaya bayan ɗaya tana maimaitawa, wato aikin guntayen tef goma sha shida a cikin akwati guda.

Buchla ya fi kusa da burin mutanen Kolon, amma Moog ne ya ci kasuwa, kuma madannan ne suka ba shi. A 1968 Wendy Carlos, wadda ta yi karatu a cibiyar Columbia da Princeton, ta fitar da faifan Switched-On Bach, inda ta kaɗa kiɗan Bach na ƙarni na 18 da na'urar Moog. Na'urar amo ɗaya take fitarwa a lokaci guda, tana kuma saurin kaucewa daga saiti, saboda haka layi-layi aka ɗauki kiɗan a rikoda mai hanya takwas, aikin da bai fi na masu reza sauƙi sosai ba. Faifan ya lashe kyautar Grammy uku, ya kuma tabbatar da tsoron Buchla da dacewar zaɓin Moog a lokaci guda. Daga nan sai ƙanƙancewa: a 1969 kamfanin EMS na Peter Zinovieff a Landan ya fitar da VCS3 a kan fam 330, a 1970 kuma Minimoog ta fito, an riga an haɗa wayoyinta a ciki, makaɗi yana iya saɓa ta ya hau dandamali. An sayi sauƙin da 'yanci, domin injiniya ya riga ya zaɓa wa makaɗi hanyar da sauti zai bi, amma yawancin makaɗa ba su ga asara a cinikin ba.

Da kayan suka yi araha suka kuma yi sauƙin ɗauka, sai suka isa wuraren da ba a taɓa gina irin waɗancan ɗakuna ba. William Onyeabor ya yi amfani da sintesaiza a situdiyonsa na Enugu tun daga ƙarshen shekarun 1970, a Yamai kuma Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya a gidan rediyon ƙasa a 1978, kiɗan da aka daɗe ana sakawa tsakanin shirye-shirye. A Turai kuwa hujjar riƙe ɗaki na musamman da kuɗin jama'a ta yi ta raguwa, musamman bayan 1983, shekarar da sintesaizar Yamaha DX7 ta fito aka kuma amince da MIDI, ƙa'idar da ke sa na'urorin kamfanoni daban-daban su yi magana da juna. A wannan shekarar aka rufe ɗakin Milan, kayansa suna gidan tarihi na Castello Sforzesco. BBC ta rufe nata a 1998, na Kolon ya biyo baya a farkon shekarun 2000. RCA Mark II tana nan a ginin Jami'ar Columbia da ke titi na 125, ba ta aiki sosai tun bayan da ɓarayi suka lalata ta a shekarun 1970. Ƙungiyar da Schaeffer ya sake tsarawa a 1958 da sunan GRM ita ce ta ɗore. Tun 1975 tana ƙarƙashin hukumar adana sauti da hotuna ta Faransa, INA, kuma tana sayar da manhajojin kwamfuta masu yin irin ayyukan da phonogène ke yi.